Tebur a Zauren Baba

An sha wuya a shekarun nan, kuma ni ban iya yi wa wuya kwalliya ba. Masaƙar da na yi wa aiki a birni tun ina saurayi, aka wayi gari an garƙame mata kwaɗo, aka ce mu tafi gida za a neme mu. Har yau ana nema. Na kwaso matata da yara da akwatin kayan aikina, muka dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Ɗambatta da Makoda. Gero ya yi tsada, taki ya gagari talaka. Tuwo sau ɗaya ne, bayan magariba. Da rana sai kwaɗon rama ko tafasa, wani lokaci ba ko ƙuli a ciki. Gona kuwa an raba an sake rabawa tun daga kakanni, har ta kai in ka yi tari a taka, maƙwabci ya ce maka sannu daga tasa. Abin da ya zo hannuna bai isa ya riƙe gida ba, ko da an yi damina mai albarka.

A masaƙar ba saƙa nake yi ba. Ina ɓangaren gyara ne, inda ake kawo duk abin da ya karye. Ban yi boko mai nisa ba, hannu ne ya koya. Kuma a can ina da teburina. Na ƙarfe ne, tsayinsa daidai ƙuguna, a gindin wata doguwar taga. Da hantsi haske yakan sauko a kansa, ka ga garin auduga yana yawo a cikin hasken a hankali, kamar ba shi da inda za shi. Ban taɓa kula da teburin nan ba sai da na rabu da shi.

Yunwar rana tana sa mutum ganin abubuwa. In na kwanta a gindin darbejiya bayan azahar, ido a rufe amma ba barci ba, sai in ga teburin nan tsaye a tsakiyar gonarmu, gero ya kewaye shi. In jera sufanun kwance noti daga ƙarama zuwa babba. In ajiye guduma a dama, magagari a hagu. In ji sanyin ƙarfen a tafin hannuna. Wani lokaci har injinan masaƙar nake ji can nesa, sai in farka in tarar mata ne ke daka a bayan danga. Nakan daɗe a kwance bayan nan, ina jiran ya dawo.

Daga nan na yanke shawara zan buɗe wurin gyara a gida. Kekuna sun cika gari, ga injin feshi, ga injin niƙa, ga na ban-ruwa a wajen masu fadama, kuma duk wanda ya lalace sai an kai shi Ɗambatta. Wurin da zan yi aikin ɗaya ne, zaure. Waje babu fili, gero ya zo har jikin katanga. Ba ni da kwanon yin rumfa, kuma a shekarun nan duk ƙarfen da ya kwana a waje ba ya wayar gari.

Zauren kuwa na Baba ne. Tun ina yaro a nan nake ganinsa, a kan buzu, ya jingina da bango, yana tufka igiyar rama a cinyarsa. A lokacin ya tsufa, ido ya yi rauni, gona ta fi ƙarfinsa, amma zauren bai fi ƙarfinsa ba. Da hantsi zai fito, sa'o'insa biyu su zo su zauna, mai wucewa ya leƙo ya durƙusa ya gaida shi. Shi ke sanin akuyar wa ta haihu, wa ya yi shuka da wuri. Na je na tsuguna na ce, "Baba, ina so in sa tebur a zaure, in riƙa ɗan gyare-gyare."

Ya ce, "Sa mana. Allah ya sa albarka." Daga baya na gane shi a ransa irin ɗan teburin masu goro yake nufi.

Na shiga neman tebur. Duk ranar kasuwa sai in taka zuwa Ɗambatta, ba sayen komai zan yi ba, kallon tebura kawai. Na kafinta farin katako ne, gara za ta gama da shi kafin kaka. Na mahauta yana da kauri, amma in ka ɗora masa guduma sai ya yi tsalle. Na koyi wata ɗabi'a, duk teburin da na gani sai in ɗan tura shi da ƙugu in ji ko zai yi rawa. Na tura na wani mai shayi, kofuna suka yi ƙara, ya ce, "Malam, in ƙaiƙayi kake ji ga bishiya can." A hanyar komowa ina tafe cikin gonaki ina haɗa nawa a kai, in cire ƙafar wannan in sa wa saman wancan, har in iso gida ban san na yi tafiyar ba.

Ƙarshe na je wurin ɗan kawuna, mai walda a bakin tasha. Abokin wasana ne, bakinsa ba ya hutawa a kaina. Yana tsugune yana liƙa ƙafar amalanke, ya ɗago ya ce, "A'a, injiniya! Korar ku aka yi, ko ku kuka cinye masaƙar?"

Na ce, "Tebur nake so ka yi mini. Na ƙarfe. Nan zai kawo mini." Na nuna ƙuguna.

Ya yi dariya har ya ajiye abin waldar. "A ƙauye? Wa ka taɓa gani yana sana'a a tsaye a garinku, in ba mai kiran salla ba? Maƙeri a zaune, dukawa a zaune, wanzami a zaune. Mu nan ƙasa ce teburinmu, ba ta rawa, ba a sace ta."

"Kai ka zauna. Ni gwiwata ba ta naɗuwa." Gaskiya ce, tun da na faɗo daga kan tsani a masaƙa gwiwar hagu ta ƙi ni. Kuma goge ƙarfe da magagari nauyin jiki yake so, a zaune hannu kaɗai ke wahala. Amma akwai abin da ban gaya masa ba. In ina tsaye a gaban tebur, ni mai sana'a ne. In na zauna a ƙasa, wanda birni ya tofar ne kawai.

Janaretonsa ƙarami ya mutu ya jingine shi a lungu. Muka yi musaya, ni in tashe shi, shi ya yi mini tebur. Ƙafafun daga bututun wata tsohuwar rijiyar burtsatse ya yanko su, saman kuwa faffaɗan ƙarfe ne na bayan wata motar ɗaukar yashi da ta gama zamaninta. Ya huda gefe ɗaya, na ɗaura abin damƙe ƙarfe mai baki biyu, wanda na zo da shi daga birni a naɗe cikin buhu. Na tura da ƙugu. Ko gezau. Na hau kai na zauna, na sauko na sake turawa.

A amalanken shanu aka kawo shi, ƙafafu sama. An yi ruwa da safe, sararin ya wanku, gero ya kai gwiwa. Ina biye da amalanken ina kallon ƙafafun nan huɗu suna ratsa gajimare, shanun suna tafiya kamar ba sa so a iso. Ban taɓa jin hanyar garinmu ta yi mini daɗi haka ba. Na manta ban karya ba.

Zauren ƙarami ne, haske ta ƙofa kawai yake shigowa, kuma dole a bar hanyar jaki da dami. Saboda haka wuri ɗaya ne teburin zai zauna, tsakanin ƙofa da inda Baba yake. Da aka ajiye, Baba ya miƙa hannu ya kama ƙafa ɗaya, ya bi ta sama, ya bi ta sama, har hannunsa ya ƙare bai kai ba. Ya ce, "A kansa za ka hau?"

Na ce, "A'a Baba, tsayawa zan yi."

Ya ce, "To."

Aiki ya zo, ba zan ɓoye ba. Mai keke ya zo, mai fitila ya zo, mai injin niƙa ya turo a kira ni. Wani ya biya da kwanon dawa, wani da ƙwai, wani da Allah ya saka. Muka fara ɗora tukunya da rana. Da hantsi haske yakan shigo ta ƙofa ya kwanta a kan ƙarfen, garin da nake gogewa ya riƙa ƙyalli a ciki, in tsaya ina kallo har in manta abin da ke hannuna. Na ɗauka na iso.

Sai dai ni tun da aka haife ni ban taɓa amsa wa Baba magana a tsaye ba. Ba wanda ya taɓa ce mini kada in yi, jiki ne ba ya yarda. Shi kuma mutum ne mai son hira. Ina cikin aiki zai ce, "Kai." In ajiye magagari, in zagayo teburin, in tsuguna in ce, "Na'am Baba." Ya ce, "Ba komai, cewa na yi hadarin nan na gabas ne." In tashi in koma. Can kuma, "Kai." In zagayo. Duk tsugunawa gwiwata sai ta yi ƙara kamar an karya kara. Idonsa ne ya yi rauni, kunnensa garau yake. Ya fara rage kira. In ji ya ja numfashi zai yi magana, sai ya haɗiye.

Sa'o'insa ma suka takura. Su zauna a ƙasa, ni ina tsaye a kansu kamar mai tsaron su, garin ƙarfe yana sauka a rawaninsu. Ɗayansu ya leƙa ƙarƙashin teburin ya ce, "Malam, ashe rumfar ƙarfe aka yi maka, mu ba a gaya mana ba." Baba ya yi dariya tare da su. Amma ba su daɗe ba ran nan, kuma zuwan nasu ya fara tsallake kwana.

Wata rana wani mutum daga ƙauyen gaba ya kawo injin feshi. Ya yi sallama, ni ya fara gani, muka gaisa doguwar gaisuwa, ya gida ya yara ya damina. Har ya fara bayanin injin, sai Baba ya yi gyaran murya. Mutumin ya sunkuya ya hango tsoho a bayan tebur, ya zabura ya cire takalmi ya zube yana ba da haƙuri. Baba ya ce, "Ba komai, ɗana, ai ba a ganina."

Bayan wannan ya daina fitowa. Bai yi fushi ba. Sai a shimfiɗa masa tabarma a cikin gida, a inuwar rumbu, inda kaji ke tono, mata suna wucewa da tsintsiya. A garinmu in dattijo ya wuni cikin gida, ciwo ne ko ƙarshe. Mutane suka fara tambayata, "Jikin Malam ne?" Har da masu zuwa dubiya. Ya daina tufka. Tuwon da aka samu da ƙyar sai ya taɓa gefe ya ture.

Matata ta tare ni a bakin madafa ta ce, "Malam, tsohon nan fa yana narkewa. Kana kallo."

"Ina kallo. Me kike so in yi, in mayar da mu kan rama?"

"Ni ban ce ba."

Na yi ta juya abin. Na ce wa Baba zan gina masa dakali mai tsawo a zauren, ya zauna sama. Ya ce shi ba dagaci ba ne, ba zai hau sama sa'o'insa suna ƙasa ba. Na ce wa matata to zan sauke teburin, in haƙa rami in tsaya a ciki, kaina ya zo daidai da nasa. Ta riƙe baki. "Rami? Mai zurfin ƙugu, a gefen tsoho? Don Allah kada ka bari wani ya ji wannan maganar."

Ana haka ɗan kawuna ya zo a keke ganin aikin hannunsa. Na gaya masa komai. Ya zagaya teburin yana buga shi da ɗan yatsa, ya ce, "Ka gani ko, injiniya? Na gaya maka ƙasa ce tamu. Amma kada ka yanke, asara ce, irin bututun nan ba a samunsa yanzu. Haƙa ramuka huɗu ƙanana, ka shafe ƙafafun da baƙin mai, ka nutsa su ƙasa har saman ya sauko daidai mai zaune. Ka miƙe gurguwar ƙafarka a ƙarƙashi ka yi aikinka. Wata rana ka tono abinka lafiya lau."

Wallahi na ji daɗin shawarar. A raina, ga Baba ya dawo zaurensa, ga teburina cikakke, yana ƙasa yana jirana. Na raka shi har bakin hanya ina yi masa godiya, shi yana cewa a rubuta a ajiye, yau ɗan birni ya gode wa baƙauye.

Bayan la'asar na shiga ciki. Baba yana kishingiɗe a gindin rumbu, ƙafafunsa sun zama kamar karan dawa, ƙuda yana sauka a kai ba ya korewa. Rana ta yi sanyi, hayaƙin madafa yana tashi miƙe, wata kurciya tana kuka a kan katanga. Na zauna kusa da shi, na miƙe ƙafar hagu. Rabon da mu zauna kai ɗaya haka har na manta. Na ce, "Baba, gobe zan sauke teburin nan ƙasa, ka dawo zaure."

"Yaya za ka yi da ƙafafun?"

"Binne su zan yi."

Ya shafa gemu. "Ƙasa ba za ta ci ƙarfen ba?"

"Zan shafa musu baƙin mai. Za su jure."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To madalla, dabara ce. Ai ba za su daɗe a ciki ba."

Haka ya faɗa, a sauƙaƙe, yadda yake faɗin hadarin gabas ne. Har yana so ya kwantar mini da hankali. Sai a lokacin na tambayi kaina wace rana ce wannan wata ranar da zan tono. Ni ban lissafa ba, ɗan kawuna ma na tabbata bai lissafa ba. Baba ne kaɗai ya lissafa, nan take: ranar da ba ya duniya ce.

Ya lumshe ido, ni kuma na zauna ina kallon inuwar rumbun tana tsawo. Na ga zauren a raina, ni a zaune ina gyara, shi a gefe yana tufka, yana ba ni labarin akuyar wani, a ƙarƙashinmu kuma ƙarfe huɗu a tsaye cikin duhu, shafe da mai, ba abin da ya same su. Duk safiya in shigo in zauna a kansu. In ya yi tari, ni na san suna nan, shi ma ya sani. Na ga kuma wancan teburin na gonar gero, wanda nake gani a gindin darbejiya, na tsaya a gabansa ƙuguna ya taɓa sanyinsa. Ban daina sonsa ba, kada wani ya ce na daina. Har yau in na ga mutum yana aiki a tsaye sai na bi shi da kallo. Aka kira magariba, na kama hannun Baba na tashe shi.

Washegari da na dawo daga masallaci na kira maƙwabcina muka kifar da teburin. Na auna taƙi ɗaya da 'yan yatsu a kowace ƙafa, na sa sabon haƙori a zarto. Bututun rijiya ba ya yankuwa da daɗi, sai da rana ta ɗaga kafin na gama, hannuna ya ɗuri ruwa. Muka mayar da shi muka zaunar, ya koma kamar wani babban faranti. Guntayen huɗu na san in suna gidan, ɗan kawuna zai iya liƙa su cikin wuni ɗaya, don haka na ɗaure su da igiya na kai wa maƙerin garinmu, na ce ya buge su ya yi abin da ya ga dama. Na dawo na share garin ƙarfen tas, na wanke hannu. Sannan na shiga cikin gida na tsuguna, gwiwar ta yi ƙararta, na ce, "Baba, rana ta yi, zaure ba kowa." Ya miƙo mini hannu.